Shekarar da Na Tsaya wa Hammadi

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka fara wayo, na san abin da kuke ji a gari game da ni. Ana cewa Alhaji Ummaru mai albasa tsufa ya zo masa da gardama, ya tara 'yan jita a rumfarsa, ya rungumi ɗan Fulanin da gari ke zargi, ya zubar da mutuncin gidan malamai. Wasu ma cewa suke yi asiri aka yi mini. Ba wanda ya yi mini asiri, da hankalina na yi abin da na yi, kuma gara ku ji daga bakina tun ina da rai. Amma ku fara sanin wane ne ubanku. Ni mutum ne mai zargi, sana'ata ce ta mai da ni haka. Wanda ya shekara da shekaru yana sayen albasa a buhu ya san manyan suna bisa, ruɓaɓɓun suna ƙasa, shi ya sa ko ɗan'uwana ya kawo kaya sai na sa an zazzage a gabana. Uwarku Kulu takan ce ko sallama aka yi mini sai na juya ta na duba bayanta.

Shekarar da nake magana ita ce wadda mutanen ƙauye suka cika Wurno. 'Yan bindiga sun tashi tungaye da yawa ta wajen Rabah da ta wajen Goronyo, mutane suka kwararo da tabarmi da tukwane, wasu a makarantar firamare, wasu a kangaye, wasu a zaurukanmu. Kowa yana kallon kowa. In baƙo ya tambayi hanya, kafin ya kai ƙarshen layi an ce infoma ne, wato mai kai wa 'yan daji labari. A ƙarshen daminar na sayar da albasata da wuri saboda tsoron hanya, babbar rumfata ta bayan kasuwa ta zauna wayam. Wata rana bayan azahar samari uku suka yi mini sallama. Mai maganarsu Nasiru ne, ɗan wani manomi daga Rimawa, siriri mai saurin baki. Na biyu Isa, gajere, shi ne mai ganguna. Na ukun, dogo, yana tsaye daga baya. Sunansa Hammadi, kuma ban buƙaci a gaya mini Bafillace ne ba.

Nasiru ya ce, "Baba Alhaji, aron rumfa muka so, mu riƙa kiɗi bayan la'asar."

Na ce, "Kiɗin wa? Wane na ubangidanku?"

"Ba mu da ubangida, Baba."

"To wa kuka ma waƙa? Sarki, ko ɗan siyasa, ko mahauta?"

"Ba kowa. Duk wanda yaz zaka ya zamna, shi muka ma."

Nan zargina ya motsa. A ƙasarmu makaɗi ba ya zama haka kawai. Akwai na sarauta, akwai na noma, akwai na maƙera da na 'yan dambe, kowa da gidan da yake cin tuwo, kuma yawanci gadon ubansa ne. Waɗannan ba su gada ba, ba su roƙo, ba su kiran sunan kowa, kuma ga ɗan Fulani a cikinsu a shekarar da Bafillace ba ya iya shiga kasuwa da fura hankali kwance. To tuwon wa suke ci? Na ce a raina lallai akwai wani a bayansu. Na ba su rumfar ba don alheri ba, sai don na ga gara su kasance inda idona yake. Na sa aka kai mini benci, na ce kullum ina nan zaune, kuma kafin kiran magariba kowa ya watse.

Kayansu abin dariya ne. Batirin mota guda, lasifika da aka ɗaure da roba, jita biyu masu amfani da wuta, sai gangunan Isa da ya haɗa da ƙwarya da wani faifan ƙarfe. Su suna kiran kansu Samarin Gulbi, gari kuma ya sa musu 'yan jitar Alhaji, sunan da ya riƙa ɓata mini rai. Kwanakin farko ban ji komai ba sai hayaniya. Su ɗauko abu guda su yi ta maimaitawa, su tsaya su yi musu, su sake. Ni Hammadi nake kallo. Na zaci sarewa zai busa irin ta danginsa, ashe shi ke riƙe da jitar mai kaurin murya, wadda ba da kunne ake jin ta ba, a ƙirji take bugawa, har bencina yakan ɗauka. Ba ya waƙa, ba ya murmushi, kansa a sunkuye. Jitar Nasiru kuwa kuka take yi, ta hau sama har ka ce igiyar za ta tsinke, sai ta sauko ta kwanta bisa ta Hammadi. Ban san ranar da na daina gadi na koma saurare ba. Waƙoƙinsu na tsadar taki ne, da babur ɗin da ya mutu a tsakiyar fadama, da uwar da ke jiran ɗanta a tasha. Ba kirari, ba zambo, ba wanda aka ɗaga aka ce ya fi wani. Na yi shekaru ina jin makaɗa suna yabon mutanen da na san ɓarayi ne, sai ga yara suna waƙar abin da ni ma na gani da idona. Ku rubuta wannan ku ajiye: ina son kiɗan yaran nan, har gobe ina son sa.

Kulu ta fara gane ni. Wata safiya ta leƙo ina alwala ta ce, "Alhaji, gadin nan naka ya yi nisa. Yanzu har buta kaka ma waƙa?"

Na ce, "Ke dai ki kula da tukunyarki."

Ta ce, "Ina kula. Ƙahwarka nika gani tana motsi."

Mutane suka fara zuwa, yawanci 'yan gudun hijira, don ba a biyan komai kuma ba su da wurin zuwa. Maza daga ciki, mata da yara daga bakin rumfa. A nan aka haifi waƙar da ta jawo mini duk abin da ya biyo baya. Nasiru yakan rera, "Ina gidanku, ɗan'uwa?" Sai ganga ta yi shiru, tasa jitar ta yi shiru, a bar ta Hammadi kaɗai tana tafiya a ƙasa. A wannan sararin duk wanda ya ga dama sai ya ɗaga murya ya faɗi sunan garin da aka kore shi, rumfa gaba ɗaya kuma ta amsa masa, "Allah Shi maishe ku gida." Daga nan kiɗa ya dawo da ƙarfi, a zagayo, wani ya kira nasa. Ba wanda ya tsara haka, wata tsohuwa ce ta fara amsa tambayar Nasiru ba tare da an sa ta ba, abin ya zauna. Na ga ƙato mai gemu ya kira sunan tungarsu muryarsa ta karye, mutanen da ba su taɓa ganin tungar ba suka amsa masa kamar tasu ce. Na ga an amsa wa wanda kowa ya san hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, an amsa wa matar da ta yi faɗa da rabin unguwa a bakin famfo. Ba a tambayar halin mutum kafin a amsa. Masu cajin waya suka ɗauki waƙar suna tura wa mutane, ta kai Rabah, ta kai Goronyo, ta wuce.

Da kaka ta yi, mazan Tungar Kaiwa suka yi shahada suka koma girbe geronsu a ɓoye. Kwana kaɗan kafin su tafi, wata mata ta kira sunan tungar a rumfata, muka amsa mata. 'Yan bindiga suka riske su a gona. Ba zan faɗi abin da aka kwaso ba, wasunku sun ga jana'izar. Tun kafin a gama zaman makoki magana ta tashi, wai waƙar ce alama. Wai duk garin da aka kira sunansa, waya na kai shi daji, 'yan bindiga kuma su san akwai masu shirin komawa. Da hankali mutum zai ce an kira garuruwa da yawa ba abin da ya same su, kuma an far wa waɗanda ba a taɓa kira ba. Amma wanda ya binne ɗansa ba ya wannan lissafi. Ido ya koma kan Hammadi. Shi ne Bafillace, shi ne ba a san danginsa ba, kuma shi ne yake ɓacewa duk ranar kasuwar Goronyo ya dawo washegari. Kada ku zaci na kare shi a raina. Ni na fi kowa lura da ɓacewar nan, na lura da sabon takalmin da ya sa, na lura in wayarsa ta yi ƙara sai ya fita waje ya amsa da Fulatanci.

Hakimi ya aiko kirana. Na tarar da Lawwali, shugaban 'yan sa-kai na wajenmu, a zaune da mutanensa. Lawwali ya ce a ba su yaron su yi masa tambaya, kuma duk wanda ke fadar ya san wanda suka tafi da shi tambaya ba a sake ganinsa. Hakimi mutum ne mai tsoron Allah, ba ya son jini a ƙasarsa, amma ba ya iya tare gari shi kaɗai. Ya yanke cewa in akwai magidanci ɗan asalin gari da zai tsaya wa yaron, a ƙyale shi, da sharaɗin in wani abu ya bayyana daga baya, mai tsayawar ya kwashe iyalinsa ya bar Wurno. In babu, Lawwali ya tafi da shi. Ya ba ni zuwa safiyar Juma'a, don a rumfata abin yake, ba kuma wani da zai ko yi tunanin tsayawa.

Da yamma muka zauna cin tuwo da yayana Malam Sidi, limamin masallacin unguwarmu. Tun rasuwar mahaifinmu akushi ɗaya muke ci a zaure, ni da shi, ba mu taɓa rabawa ba sai in ɗaya ya yi tafiya. Cikin waɗanda aka kashe a Tungar Kaiwa akwai ɗalibinsa Mamman, wanda ya rena tun yana ƙarami, shi ya yi masa salla. Ranar bai sa hannu a tuwon ba.

Ya ce, "Ummaru, kiɗi na ƙyale ka, na ce tsuhwa na. Wagga kau ba kiɗi ta ba. Ka san yaron ga?"

"Ban san shi ba, Yaya."

"Ka san ubanai? Ka san inda yaka kwana ranar kasuwa?"

"Ban sani ba."

"To mi za ka tsaya ma? Kai da ba ka yarda da buhun albasa sai an zazzage, za ka aza gidan ubanmu bisa mutumin da ba ka ga cikinai ba? Ni nis sa Mamman cikin rami. In kat tsaya ma wanda ya yiwu shi yab bashe shi, ban san da wane ido za ni dubin ka ba."

Gaskiya ya faɗa. Da na shiga gida Kulu ba ta yi mini wasa ba. Ta ce ita ba ta ce in tsaya ba, ba ta ce kada in tsaya ba, amma in tuna ba ta da wani gari ban da Wurno, kuma ku a lokacin wasunku ba su yi aure ba.

Ranar Alhamis na riga kowa zuwa rumfa. Na tarar da Hammadi shi kaɗai yana sauya igiyar jita. Na zauna kusa da shi, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Hammadi, ina kaka tahiya ranar kasuwar Goronyo?"

"Wurin innata, Baba."

"Ina take?"

"In na hwaɗi, gobe Lawwali ya san wurin."

"Ni za ka hwaɗa ma, ba Lawwali ba."

Ya ɗago ya dube ni, ya mai da kai ga igiyarsa. Na ce masa zai iya dafa Alƙur'ani cewa ba shi da hannu a abin Tungar Kaiwa?

Ya ce, "Ina iyawa. In na dahwa, ka yarda?"

Na duba raina, na ce, "A'a."

"To kak ka sa ni ɗaukar Littahin Allah ga banza, Baba."

Wannan amsa ta hana ni sakat. Irin ta mai gaskiya ce da ya gaji, kuma irin ta maƙaryacin da ya ƙware ce. Na juya ta ta kowace fuska ban ga ƙasan buhun ba. Na ce masa in yana da hankali ya gudu yau, ya ce hanyoyin fita duk da 'yan sa-kai, kuma in ya gudu an tabbatar ke nan, Nasiru da Isa za su biya.

Bayan la'asar rumfa ta cika fiye da kullum, amma ba don kiɗa aka zo ba, kallo aka zo. Lawwali ya tsaya a bakin ƙofa da bindiga a kafaɗa. Yaran suka yi waƙar taki, suka yi ta babur, ba wanda ya motsa. Na yi zaton Nasiru zai tsallake waƙar garuruwa, sai na ji ya ɗauko ta. Ya yi tambayarsa, kiɗa ya sauka, aka bar jitar Hammadi tana tafiya. Ba wanda ya kira. Wa zai faɗi sunan garinsu bayan abin da ake cewa? Suka zagayo, Nasiru ya sake tambaya, shiru. Suka sake zagayowa. Sai Hammadi, wanda ba mu taɓa jin muryarsa a waƙa ba, ya matso bakin makirfo, hannunsa bai bar igiya ba, ya ce, "Rugar Ardo Manu."

Duk wanda ke rumfar ya san rugar nan. A bakin fadama take, an ƙone ta shekarar da ta gabata bayan wata satar shanu, kuma ba 'yan daji suka ƙone ta ba, mutanenmu ne, wasunsu suna tsaye a ƙofa. Ni ban san daga can yake ba. Duk tsawon zaman nan yana riƙe mana kiɗa muna kiran garuruwanmu, ba wanda ya taɓa tambayarsa nasa. Rumfa ta yi tsit, sai jitar kawai. Amsar waƙar kuwa kun san ta, kuma a ce wa mutanen rugar nan Allah Ya mai da su gida a gaban Lawwali ba ƙaramar magana ba ce. Zan gaya muku abin da ke raina a lokacin, don kada ku mai da ni waliyyi. Cewa nake yi wataƙila dabara ce, yaron ya san inda zai taɓa mu. Ina wannan tunanin, wani kuma yana ce mini a rumfar nan an amsa wa ɓarawo, an amsa wa mafaɗaciya, ba a taɓa barin wanda ya kira shi kaɗai ba. In aka bar wannan, to duk abin da muka yi ta yi a nan ƙarya ne, kukan da na ga ƙatti suna yi ƙarya ne, ni ma da bencina ƙarya ne. Sai na ji muryata, tsohuwa, a karkace, ba ta ko hau kiɗan ba, ta ce, "Allah Shi maishe ku gida." Tsohuwar nan da ta fara amsa waƙar tun farko, 'yar wajen Giyawa, ta bi bayana. Mutum kaɗan suka ƙara, a hankali. Sauran suka tashi suka kakkaɓe riguna suka fita. Lawwali ya dube ni ya gyaɗa kai, irin na wanda ya riƙe abu a ransa.

Da safe na tafi fada na tsaya wa Hammadi, don abin da na faɗa a gaban jama'a ba zan janye shi a gaban hakimi ba. Da yamma na fito zaure na tarar da kwano ɗaya, nawa. An kai wa Yaya nasa ɗakinsa, kuma haka aka ci gaba. Yana amsa sallamata don ba ya wasa da hakkin Musulunci, amma daga nan ba ƙari. Manoman da suka saba kawo mini albasa tun zamanin iyayensu suka koma wa wasu. In na shiga masallaci sai in ga sahu ya ɗan buɗe a gefena. Duk lokacin da aka ji harbi a wani ƙauye, Kulu takan dubi kayan ɗakinta ta dube ni. Ba wanda ya taɓa Hammadi. Yaran sun ci gaba da kiɗa ga 'yan tsirarun da ke zuwa, amma ba a sake yin waƙar garuruwa ba. Da damina ta kawo kai Hammadi ya zo ya ce zai ƙetare iyaka da innarsa. Bai yi mini doguwar godiya ba, ya riƙe hannuna kawai ya tafi, kuma ko wannan sai da na auna shi. Bayansa ƙungiyar ta watse, Nasiru ya tafi Sakkwato acaɓa, Isa ya koma gona. Hare-hare ba su ƙaru ba da yana nan, ba su ragu ba da ya tafi. Ba abin da ya bayyana, na wanke shi ko na kama shi.

Shekaru suka wuce a haka, har ciwon ajali ya kwantar da Yaya. Wata rana da hantsi ya aiko a kira ni. Na shiga na tarar ya rame, ya ce kowa ya fita. Ya miƙo hannu na kama, rabona da taɓa hannun nan tun shekarar rumfa.

Ya ce, "Ummaru, na gaji da hushi. Abu guda nika so. Ka ce min ka tabbata yaron nan ba shi da hannu ga jinin Mamman, in yahe ma, mu rabu lahiya."

Kalma ɗaya yake nema, kuma ba mai ji sai Allah. Na so in ba shi ita fiye da duk abin da na taɓa so a duniya. Amma mutumin yana bakin kabari, kuma bai taɓa yi mini ƙarya ba tun muna yara.

Na ce, "Ban tabbata ba, Yaya. Har yau ban tabbata ba."

"To mi yas sa?"

"Ya yi kira, ba wanda ya amsa."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya zare hannunsa a hankali, ya juya fuskarsa bango. Na zauna a wurin har aka kira azahar, bai juyo ba. Ya rasu a makon, ni na yi masa wanka, ni na sa shi a kabari.